Warin Albasa

Mu'azu ne ke riƙe da lasifikar motar kamfe ta jam'iyyarsu, daga Wurno har Goronyo. Wata ukku yana zarya wurin Kawu Maccido, sarkin albasa na kasuwar Goronyo, kafin tsohon ya yarda zai kawo mutanensa su zaɓi ɗan takararsu na shugaban ƙasa. Saura kwana tara zaɓe.

Ran kasuwa da hantsi, Alhaji Almustapha, shugaban kamfe na yankin, ya miƙo mishi sabuwar waƙa da anka aiko daga birni. Ya ce zambo ce ga abokin hamayya, kuma can birni ta gama da mutumin. Mu'azu ya saka ba tare da ya saurara ba.

Motar na shiga layin albasa, amshi ya tashi: wai ɗan mai tallan albasa ne, ko ya yi wanka bakwai wari yake, bai dace da kujera ba.

Masu ɗinke buhu sunka tsaya, basilla a hannu. Kawu Maccido ya ɗaga hannun rigarsa, ya shinshina a hankali, sannan ya dubi Mu'azu.

"Ɗana, ashe uban mutumin nan namu na? Ba ka taɓa gaya muna ba."

Mu'azu ya kashe waƙar. Alhaji ya ce ya mayar, ba shi ke tsara kamfe ba, in kuma bai iyawa ya sauka, akwai masu son makirfon. Mu'azu ya aje makirfon bisa kujera ya sauka.

Motar ta wuce kara, wurin cinikin dabbobi, waƙar na biye da ita. Shi kuwa ya ɗauki albasa guda daga tsibin Kawu, ya gatsa ɗanya, ya tauna har idonsa ya kawo ruwa. Wasu sunka yi dariya. Wasu uku sunka juya mishi baya, ɗaya na cewa ya riga ya san wanda zai dangwala wa.

Kawu ya matsa mishi gefen buhu.

"Zamna. Bar zancen wancan. Naku, mi za shi yi muna?"

Mu'azu ya zauna, ya faro daga albasar da ke ruɓewa a rumbu kowace bazara. Rumfa arba'in ke layin, ya kuma ƙudurta sai ya shiga kowacce kafin la'asar.