Takardar Yabon Maccido

Duk Illela babu wanda bai san Maccido mai rumfa ba, in ma akwai, to baƙo ne. Shi ne yunwar da ta ƙarar da shanu ta bari a tsaye. Boda ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa, bai sayar da ko tabarma ba. Shekarar da gobara ta kama kasuwa, mutum tara ya fitar a kafaɗarsa. In ka zauna a rumfarsa ta bakin hanyar Ƙonni, inda fatake ke ajiye buhunan albasa, sai ya nuna maka tabon ƙunar da ke hannunsa ko ba ka tambaya ba.

Ranar Alhamis aka zo aka shafa wa rumfunan layin jan fenti. Za a faɗaɗa hanya, katafila na zuwa Litinin.

Maƙwabta suka shiga cire kwanon rufinsu. Maccido ya yi musu dariya, ya tafi gida ya buɗe akwati, ya zaro takardar da wani babban jami'i ya miƙa masa bayan gobarar, a gaban jama'a, ana tafi. Bai taɓa zama aji ba, amma ya riƙe kalma ɗaya daga bakin mutumin: kwamandeshan.

Ya miƙa wa ɗiyarsa Hindatu, malamar firamare.

"Karanta, ki ji ko wane ne ubanki."

"Baba, na sha karanta maka ita. Kwamandeshan yabo na. Sun ce ka yi abin kirki, sun gode."

"Sai mi?"

"Shi ke nan."

"Ke, boko ya cinye miki kai! Garin ga in babba ya yabi mutum gaban jama'a, ya sa shi inuwarshi ke nan, shi da ɗiyanshi. Babba bai yabonka ya bar ka rana."

"Wanga yabon takarda na, Baba. Mu kwashe kwanon tun bai lalace ba."

"Wanda ya taɓa min ƙusa guda ban yafe ba."

Litinin da hantsi ya saka babbar rigarsa ta Sallah, ya tsaya ƙofar rumfa. Da katafila ta iso, ya nufi injiniyan aikin, wani mai suna Faruk, ya ba shi takardar. Faruk ya karanta, ya cire hular kwanonsa, ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Baba, wannan kalma ba kowa ake rubuta wa ba. Wallahi ni ma na yaba maka."

Har hoto ya sa aka ɗauke su. Maccido ya waiwayi maƙwabta, ya gyara hula.

"To, ɗana, ce ma direba ya kauce."

"Ai ba a hannuna take ba, Baba. Daga sama aka zano layin."

"Kira min wanda ya sa hannu."

Faruk ya duba ƙasan takardar. "Wannan ya daɗe da barin aiki. Ban ma san shi ba."

Ya mayar masa da ita cikin ladabi, ya ɗaga wa direba hannu.

Ba a yi minti biyar ba. Kwanon da Hindatu ta so a ceta ya lanƙwashe, azara ta kakkarye. Hindatu ta shiga tsintar abin da ya saura, ba ta ce masa ai na faɗa maka ba.

"Ni da na fitar da mutum tara," in ji Maccido. Ƙarar injin ta haɗiye maganar.

Rana ta take, babu inda zai raɓa. Ya ɗaga takardar bisa kansa. Inuwarta ko kafaɗunsa ba ta kai ba.