Golf Shida Take Ɗauka

Da ƙyar Lawwali ya bari fasinjan ƙarshe ya zare buhunsa daga but, ya fizgi ƙaramar motarsa ta haya, Golf. Kamashon tashar Gusau yana ɗaga masa hannu, wai ya zo ya kama layin komawa Tsafe, amma ko waiwaye bai yi ba. Yau ba lodi ne ya kawo shi gari ba. A aljihun gaban rigarsa akwai wata takarda da ya ninke, tun jiya take sukar sa kamar ƙaya.

Sakamakon jarrabawar 'yarsa ne, Muzdalifa, 'yar shekara goma sha ɗaya. Akwai wata gidauniya da take zaɓar 'yan mata talatin duk shekara ta kai su makarantar kwana ta kimiyya, ta ɗauke wa iyaye komai, daga littafi har sabulun wanki. Maki saba'in ake nema. Muzdalifa ta sami sittin da takwas. Abin da ya fi ƙona wa Lawwali rai, wai a lissafi ta zubar da makin. Lissafi fa! Yarinyar da ko daga barci ka tashe ta ka ce bakwai sau takwas, za ta ba ka amsa kafin ta buɗe ido. Shi ya koya mata da bakinsa, kuma duk tashar Tsafe an san ba a kama Lawwali da kuskuren ƙirga. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Don haka tun kafin ya taka ƙofar ofishin gidauniyar ya riga ya yanke hukunci: an sayar wa 'yar wani babban mutum da gurbin 'yarsa.

Wata Hajiya ce zaune a teburin karɓar baƙi, tana latsa waya. Ba ta ɗago ba.

"Wurin wa kaz zo?"

"Wurin wanda yac cinye makin ɗiyata."

Nan ta ɗago, ta dube shi daga hula har takalmi. "Malam, nan ofis na, ba tasha ba. Ka zamna ka jira."

Ya zauna a benci, ya tashi, ya sake zama. Awa ɗaya da rabi. A gabansa wani mai babbar riga ya zo, aka shigar da shi ba tare da ya ga ko kalar bencin ba, ya fito yana dariya. Lawwali ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Ya miƙe ya buga tafin hannunsa a teburin, wayar Hajiyar ta yi tsalle.

"Ni ban da babbar riga, amma ina da baki. Ko a hiddo min takardar da ɗiyata tar rubuta in gani da idona, ko wallahi in tsaya bakin titi in gaya ma duk mai wucewa abin da ake yi cikin gidan ga."

Hayaniyar ce ta fito da wani siririn mutum daga ɗakin ciki, da jan biro a aljihu, yana tafiya yana ɗan dafa ƙugu. Ya ce sunansa Malam Yusha'u, shi ne mai kula da duba takardun lissafi. Ya tambayi sunan yarinyar. Da Lawwali ya faɗa, sai mutumin ya ƙura masa ido, kamar wanda aka taɓa masa tsohon ciwo.

"Muzdalifa Lawwali, ta Tsafe. Kai direba na?"

"Direba ni ke. Laihi na?"

"A'a. Shigo."

Ɗakin cike yake da ɗaurin takardu har kan taga. Malam Yusha'u bai yi wani bincike ba, daga aljihun teburinsa ya zaro takardar, abin da ya ƙara tabbatar wa Lawwali cewa akwai lauje cikin naɗi. Me takardar 'yarsa take yi ita kaɗai a aljihun tebur?

"Tambaya ashirin ta," in ji Malam Yusha'u. "Sha tara daga ciki ta ci su sarai, babu ko gogewa. Guda ta rage, ta sha bakwai, mai maki ukku. Da Turanci take, bari in hwassara maka. Fasinja ashirin da huɗu za su tahi Gusau daga Tsafe. Ga hoton ƙaramar mota an zana. An ce kowace mota..."

"Mota huɗu," Lawwali ya katse shi. "Wagga ma tambaya ta?"

Malam Yusha'u ya cire tabarau ya dube shi. "Haka ita ma tar rubuta."

"To mi kuka nema?"

"Ka bari in ƙare. An ce kowace mota tana ɗaukar fasinja huɗu. Ashirin da huɗu a raba huɗu. Amsa mota shidda."

Ya juyo da takardar. Lawwali bai yi nisa a boko ba, amma yana karanta Hausa, lambobi kuwa abincinsa ne. Ga rubutun Muzdalifa nan, ƙanana, a tsaye kamar sojoji. Ta ja layi a kan huɗun da ke cikin tambayar, da rula ma, don kada a ce ta yi ƙazanta. Ta rubuta shida a samansa. Ta raba ashirin da huɗu gida shida, ta sami huɗu. Ta sake ninka shida sau huɗu a gefe don ta tabbatar. Sannan a bakin takardar, da Hausa, ta rubuta: "Malam an yi kuskure. Golf shida take ɗauka, biyu gaba huɗu baya."

Lawwali ya karanta sau biyu. Muryar kansa ya ji a cikin rubutun. Kullum da yamma, yana wanke mota a ƙofar gida tana riƙe masa bokiti, abin da yake jefa mata ke nan. Fasinja talatin, Golf nawa? Biyar, Baba. Arba'in da biyu fa? Bakwai. Ya kan yi dariya ya kira maƙwabta su zo su ji. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mata huɗu ba, don me zai ce? Haushi ya taso masa, kuma da yake bai san inda zai kai shi ba, sai ya juye shi a kan mutumin da ke gabansa.

"To ƙarya tay yi? Ka tashi mu tahi tasha yanzu. Ka nuna min mota guda, guda tak, da ta taɓa barin Tsafe da mutum huɗu in ba shata anka yi ba. Wanda yar rubuta tambayar ga ya taɓa shiga motar haya kuwa? Ku zamna cikin sanyi ku ƙago mota wadda babu ita duniya, yarinya ta gyara muku, ku saka mata da jan biro. Ku ya kamata a kayar, ba ita ba."

Yana magana yana nuna mutumin da yatsa, har Hajiyar ta leƙo ta koma. Malam Yusha'u ya bar shi sai da numfashinsa ya ƙare.

"Ka ga yadda nika tahiya ina dahe ƙugu?" ya ce. "Daga Bunguɗu nika zuwa kullum. Shekara tara. Ni na na biyu gaba, bisa birkin hannu, don ni ban da jiki. Ba sai ka kai ni tasha ba."

Lawwali ya sauke yatsansa, Malam Yusha'u ya ɗaga takardar ya ci gaba.

"Takardar ga kwana ukku ina yawo da ita. Na kai ta gaban kwamiti. Na ce yarinyar ga ta iya rabawa, ta iya ninkawa, kuma tana da zuciyar da za ta ce ma babba ya yi kuskure. Na ce a ba ta ko biyu cikin ukkun. Sunka ce tambaya ta ba da huɗu, wanda duk yac canza tambaya bai amsa ta ba. In anka buɗe ma ɗaya ƙohwa, gobe kowa ya zo da tashi motar. Mu bakwai muke. Ni kaɗai na ɗaga hannu."

"A sake zama," in ji Lawwali.

"An sa hannu, an tura sunaye tun ran Litinin."

"Ke nan shi ke nan."

"Sai baɗi. Shekarunta ba su wuce ba, tana da dama guda. Amma ka ji ni da kyau, irin tambayar ga ba ta ɓacewa. Baɗi ma tana iya hitowa."

Lawwali ya fito bai yi wa kowa sallama ba. Ya zo da shirin faɗa da ɓarawo, ya tarar babu ɓarawo, kuma babu abin da ya fi wannan cin rai. A tasha aka yi masa lodi, biyu gaba huɗu baya. Gwiwar na biyun gaban tana tokare giya, ya daka masa tsawar da ta sa motar ta yi tsit har Tsafe. Mutumin bai yi masa komai ba, kuma Lawwali ya sani.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya tsaya a ƙofar gida. Muzdalifa tana zaune a dakali da hijabin Islamiyya, allonta a cinya. Da safe ya ce mata ta kwantar da hankalinta, zai je ya karɓo mata hakkinta. Ta taso da gudu, ta tsaya daidai tagar direba.

"Baba, sun gyara?"

Bai fito ba. Hannunsa yana kan sitiyari.

"Na ga takardarki. Lissahinki daidai na, babu kuskure ko guda."

Fuskarta ta washe. "To yaushe za ni?"

"Baɗi za ki sake."

Ta tsaya tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, sai leɓenta da ya ɗan motsa, kuma shi da ta yi kukan da ya fi masa sauƙi.

"Muzdalifa, ƙaramar mota mutum nawa take ɗauka?"

"Shidda."

"In sunka tambaye ki baɗi, huɗu ta."

Ta dubi kujerar gaba, inda matashin zaman da ake ɗorawa a kan birkin hannu yake nan a lotse, ta dawo da idonta kansa.

"Amma Baba, ai ba gaskiya ba ta."

"Na sani," in ji Lawwali. Ya zare makulli. "Ki rubuta musu huɗu."