Lotsawar Gefen Hagu

Da hantsi wani tsoho ya iso shagon mai gyaran tankunan babur, rungume da wani tanki mai sheƙi. Ya dire shi a kan benci, ko zama bai yi ba.

"Nawa tankin nake so. Wanda 'yata ta kawo maka."

Mai shagon ya goge hannu da tsumma. Tsarin aikinsa kowa ya sani: ka kawo tsohon kaya, ka ɗauki gyararre irinsa, naka kuma a gyara wa wani. Autar tsohon ta yi musayar ne don ta faranta masa, ganin babur ɗin ya shekara arba'in da tabo. Ba ta tambaye shi ba. 'Ya'yan yanzu ba sa tambaya.

"Baba, wannan ai ya fi naka. Naka fa ya lotsa."

"Na ce maka ban sani ba ne?"

Uwar 'ya'yansa ce ta lotsa shi tana amarya, ranar da ta nace sai ta koyi tuƙi. Ta faɗi da babur ɗin a gindin katanga, ta tashi tana dariya, gwiwa na jini. Bara aka binne ta. Tun daga nan, kullum sai ya sa tafin hannu cikin lotsawar nan kafin ya tayar da babur. Mako biyu ke nan hannun na zuwa yana tarar da wuri sumul.

Tsohon bai iya dogon bayani ba. "Matata ce ta yi shi," ya ce. "Ta rasu."

Mai shagon ya ɗaga kai ya dubi jajayen tankuna uku da ke rataye a waya, duk kamar an haife su rana ɗaya.

"Yana cikinsu. Ban buga shi ya fito ba, ciko na yi. Inda aka cika, ƙarfe ba ya amsawa."

Ya shiga ƙwanƙwasa su da bayan yatsa, tsohon ya kara kunne. Na farko ya amsa ko'ina. Na biyu ya yi gum, amma a dama. Na uku ya yi gum a hagu, daidai inda gwiwa ke zama.

"Kankare cikon," in ji tsohon.

"Baba, kwana huɗu na yi a kansa. Mutane na zuwa in ɓoye musu tabo, kai ka zo in tono?"

"Ba hira na zo ba. Kankare."

Mai shagon ya girgiza kai, ya ɗauko wuƙa. Tsohon ya jawo benci kusa ya zauna, jan fenti na zuba a kan takalminsa.