Ƙadangarun Suwaiba a Agogon Gari

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari da ban taɓa jin labarinsa ba. Amma bari in fara faɗa muku abin da na kwanta da shi.

Sunana Dalhatu. Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da lissafi a wata ƙaramar makaranta. Bana makarantar ta buɗe shafinta na intanet. An sa hoton ƙofa, an jera sunayen malamai, abu biyu suka rage: agogo, da ɗan akwatin nan mai ƙirga waɗanda suka leƙo shafin. Hedimasta ya ce ba ya son lambobin da kowa ke sawa. A zana namu, daga sifili zuwa tara, kuma a ɗauko su daga wasan gem ɗin waya da yaranmu suka ƙwallafa rai a kansa, wanda ƙadangare ke tsallake katanga yana haɗiye ƙwari.

Mu biyu muka zana. Ni na ɗauki katangar, na gina lambobina da bulo, kowace a ɗakinta da na zana a takarda mai gida-gida, gida goma sha shida a tsaye, goma sha shida a kwance. 'Yata Suwaiba, mai shekara goma sha biyu, wadda ni na koya mata riƙe rula, ita ta ɗauki ƙadangaren. Malamai suka yi cincirindo a kan nata suna dariya suna tafi. Da suka zo kan nawa suka ce, “Ma sha Allah, ya yi tsaf,” suka koma kan nata. Ranar Asabar za a zaɓi ɗaya.

Na ga aibi guda a aikinta. Lambarta ta ɗaya ƙadangare ne a miƙe, siriri, sai ta yanka masa ɗaki daidai jikinsa, gida shida kacal. Agogo kuwa ba ya yarda da haka. In ɗakunan lambobi ba su zo daidai ba, duk sanda ɗaya ya fito sai layin ya tsuke, ya yi tsalle. Na gani, na yi shiru. Da shirun nan na kwanta.

Garin da na tsinci kaina a ciki a shimfiɗe yake kamar allo. Babu gaba, babu baya, sai dama da hagu. In mutum biyu suka haɗu a hanya, ƙarami ya durƙusa, babba ya tsallake shi, a gaisa a sama. Rana mai kusurwa huɗu ce. Kowa yana yawo da 'yan zukata jajaye a saman kansa.

Wani dattijo ya tsallake ni ya ce, “Malam, rai nawa?”

Na ɗaga kai na ƙirga. “Uku, alhamdulillahi.”

“Allah Ya bar maka su.”

Ƙofar gari biyu ce, wata zabuwa mai hula ke gadin duka biyun. A saman kowace ƙofa akwai akwatin ƙirga baƙi. Na hagu da lambobina aka yi shi, yana nuna biyu. Na dama na Suwaiba ne, ƙadangarunsa suna ta juyawa ba hutu. Ta ƙofar dama masu albasa sun shiga da motarsu, 'yan kai amarya sun shiga, wasu kuma suna fita su sake shiga don kawai su ga Takwas, ƙadangaru biyu ne kowa ya ciji wutsiyar ɗan'uwansa.

Na tambayi zabuwar, “Ranki ya daɗe, su wane ne biyun da suka bi ta tawa?”

Ta duba littafinta. “Kai ne.”

“Na biyun fa?”

“Kai ne, da ka dawo dubawa.”

Sai ga ni a wani dogon baranda. Lambobina goma suna zaune a benci bi da bi, kamar masu neman aiki, kowa ya goge bulonsa. Huɗu ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Sifili ya buɗe baki yana hamma. Bakwai ne ya miƙe ya gaishe ni.

“Malam, an ce mun yi tsaf.”

“Ai kun yi.”

“To me ya sa ba a kiranmu?”

Na ce su yi haƙuri, komai da lokacinsa. Haka nake gaya wa ɗalibai. Na gyara wa Tara zama, domin ya ɗan karkace.

Sai kasuwa. A tsakiyarta an kafa agogon gari, ya kai tsayin rimi, kuma ƙadangarun Suwaiba ne a kai. Biyu ya lanƙwasa wuya yana kallon mutane. Biyar yana lasar ido. Jama'a sun bar ciniki suna kallo, har da wani mai goro da na san shi da rowar murmushi. Na tsaya ina neman abin kushewa a launinsu, ban samu ba. Koren ya yi kyau. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Agogo ya tashi daga goma da minti hamsin da tara ya koma sha ɗaya. Siraran ɗaya guda biyu suka tsaya kusa da juna, layin ya tsuke, garin ma ya tsuke tare da shi. Teburin mai tsire ya shige shagon tela. Tela bai ɗaga kai ba, ya ɗinke tsinke uku a wuyan wata riga. Wata tsohuwa ta ce da safe ɗakinta na cin gado biyu, yanzu ko tabarma sai an naɗe. Kowa yana cewa, “Sannu, sannu,” yana janye gwiwar hannunsa daga haƙarƙarin maƙwabci.

Alƙalin garin buta ce ta silba, da tabarau a kan hancinta. In ta yi magana ruwa na ɗiga. Aka ɗora ta a kujera ta ce, “In sha ɗaya da minti sha ɗaya ta cika, ɗaya huɗu za su jeru, garin nan zai koma kamar zare. In mai zanen ba ta gyara kafin nan ba, a zuba ƙadangarunta a kwandon shara, a ɗora na bulo.”

Daga baranda na ji lambobina sun miƙe suna kaɗe ƙura. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Aka kawo Suwaiba cikin kayan makaranta, tana jan fensir da ya fi ta tsayi. Ta hango ni, ta yi ta durƙusa wa manya suna tsallake ta har ta iso.

“Baba, kai ka san lissafi. Me ke tsuke garin?”

Na dubi agogon kamar yau na fara ganinsa. Na ce, “Wataƙila zafi ne.”

Ɗaya daga zukatan da ke saman kaina ta faɗo ƙasa, ta yi ƙara kamar cokali.

Zabuwar ta ce, “Malam, ranka ya faɗi.”

Na ce, “Ba nawa ba ne.”

Ta biyu ta faɗo. Saura ɗaya, ita ma tana rawa.

Suwaiba ta hau tsani ta shiga gyara. Ta rage wa Uku wutsiya. Ta sauya wa Shida ido. Ta goge ɗigo biyun da ke tsakanin awa da minti ta mai da su ƙudaje. Ni ina ƙasa na riƙe mata tsani, ina ba ta shawara cikin natsuwa, muryar da nake koyar da raba lamba da ita.

“Ƙara kore a nan. Yauwa. A hankali, kada ki yi gaggawa.”

Sha ɗaya da minti goma ta yi. Ɗaya uku suka jeru. Kafaɗata ta dama tana shagon tela, ta hagu tana gidan tsohuwar nan. Numfashi sai da dabara. Ɗaya daga ƙadangarun ya leƙo daga matsattsen ɗakinsa yana gyaɗa mini kai yadda ƙadangaru ke yi.

“Malam, ɗakin nan ya yi mini kaɗan. Kai ma ka auna da ido.”

Na yi kamar da tela yake.

Kwandon shara ya iso da ƙafarsa. Ya yi sallama, aka amsa, ya buɗe murfinsa ya tsaya yana jira. Suwaiba ta sauko daga tsani. Hawayenta masu kusurwa huɗu ne, suna faɗuwa suna taruwa a ƙasa kamar sukari. Ta fara ciro ƙadangarun da ke jiran layi tana zubawa a hijabinta, Takwas, Biyu, Biyar, tana shafa kan kowanne.

Ta ce, “Ba komai, Baba. Naka dama sun fi. Su ba sa motsi.”

Da gaske take, ba gatse ba ne. Na san muryarta.

Na ce, “Ajiye su. Koma sama.”

Ta koma.

“Ƙara wa Ɗaya gida biyar a dama, gida biyar a hagu.”

“Me zan zana a ciki?”

“Ba komai. Ki bar su fayau.”

“To amfaninsu fa?”

“Ɗakinsa ya zo daidai da na Takwas. Yi sauri, saura daƙiƙa bakwai.”

Ta ja layi, ta sake ja. Sha ɗaya da minti sha ɗaya ta buga, ɗaya huɗu suka jeru, kowa a ɗaki mai faɗi, har ɗayansu ya yi miƙa. Garin ya saki. Mai tsire ya janye teburinsa yana neman tsinke uku. Buta ta ce shari'a ta ƙare, aka ɗauke ta aka kai wa wani mai alwala. Jama'a suka ɗaga Suwaiba sama suna kiran sunanta. Suka bi ta kaina, babba da yaro, kowa ya tsallake ni, ba wanda ya tambaye ni rai nawa.

Kwandon yana nan tsaye, murfi a buɗe, ya ce shi ba ya komawa haka nan. Sai ga lambobina sun taho daga baranda a layi, Sifili a gaba, ba turereniya. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga. Bakwai ya tsaya a bakin kwandon ya waiwayo.

“Malam, ko shigar ma mun yi tsaf ko?”

Na ce, “Kun yi.”

Murfin ya rufe, ƙwaram!

Na farka, ashe murfin tukunya ne ya suɓuce a tsakar gida yana ta juyi a kan siminti. Gari ya waye, Suwaiba na wanke-wanke. Na fito na tsaya a bakin ƙofa.

“Suwaiba, ƙadangarenki na lamba ɗaya. Ki faɗaɗa masa ɗaki ya kai gida goma sha shida kamar sauran, in ba haka ba agogon zai riƙa tsalle.”

Ta yi lissafi a kanta, sai idonta ya buɗe. “Kai! Haka ne wallahi.” Ta share hannu a zaninta. “Baba, yaushe ka gani?”

Na so in ce yanzu. Na ce, “Tun ranar da kika nuna mini.”

Ta dube ni. Sannan ta sunkuya ta ɗauki murfin ta mai da shi cikin ruwa. A nan na san Suwaiba ta gane cewa na so a zaɓi nawa, ba nata ba.