Wayar da Na Goya

Saƙon ya shigo ina tsaka da ba Tsuntsuwa maganinta na safe. Sunan da muke kiran 'yata ke nan, don cin abincinta tsattsage ne. An haife ta da matsala a zuciya, mun daɗe a layin ganin babban likitan yara, kuma sai kwanan nan aka ba mu rana. Ta imel ɗina asibitin ke aiko komai, da ranar ganin likita da sakamakon gwaji.

Babanta ne ya fara gani, don wayata na kusa da kofin shayinsa. Ya karanta a fili. Wai asibiti na sabunta bayanan marasa lafiya, in latsa shuɗin rubutun in shigar da adireshin imel da kalmar sirri kafin tsakar rana. In na ƙi, a rufe asusun a ba wani gurbinmu.

Shi sana'arsa kai kaya a babur. In manhajar aikinsu ta yi ƙara, wanda ya riga latsawa shi ke da aikin, shi ya sa babban yatsansa ya saba riga kansa tunani. Goggonsa da ke zaune tare da mu takan ce ko barci yake yatsan na neman abin taɓawa. Ina ganin ya ɗaga shi na fizge wayar.

Na karanta da kaina. Duk saƙon da asibiti ya taɓa aiko mana yana ɗauke da sunan yarinyar da lambar katinta. Wannan ba ko ɗaya. Na duba adireshin mai aikowa, sai ga sunan asibitin an jona masa wasu lambobi da haruffa barkatai. Na ce masa me ya haɗa likitan zuciya da makullin ɗakina?

"In kuma gaskiya ne fa, Maman Tsuntsuwa? Ke za ki koma ƙarshen layi da yarinyar nan?"

Ba mugunta ba ce, tsoro ne, ni ma ina jin sa. Ya miƙo hannu. Ni kuwa na sunkuya na ɗora Tsuntsuwa a baya, na cusa wayar tsakanin cikinta da gadon bayana, na ja zani na ɗaure tam. Maganin kan sa ta gyangyaɗi, har ta kwantar da kai. A gidanmu kuwa ba mai ta da ta in ta samu barci, ko Goggo ba ta isa ba.

"Ga wayar nan," na ce. "Tashe ta ka ɗauka."

Goggo ta yi dariya har da tari, ta ce yau waya ta yi uwa. Shi ya ce taurin kaina ya fi na jakin da ya ga gada. Ya ce to a kira lambar da ke ƙasan saƙon a tambaya. Na ce wanda ya rubuta saƙon ai shi zai ɗauka, me kake so ya ce maka, e ni ɓarawo ne? Asibitin zan je da ƙafata. Ya ce ba zai zubar da aikin safiya saboda zargi ba. Na ɗauki jakar magani na fita.

Ban kai bakin titi ba na ji babur a bayana. Baban Tsuntsuwa ne, ya miƙo mini hular kwano. Tunda na san shi ban taɓa ganin ya yi tuƙi a hankali irin na ranar ba. Muna hanya wayar ta yi ta zuga a bayana, masu saƙon na tuna mini lokaci ya kusa. Tsuntsuwa ta ji kamar cakulkuli, ta yi 'yar dariya cikin barci. Ni dai na dafe zanin, ina ta tunanin abin da zan ce masa in ya zamana ni ce ban yi daidai ba.

Da muka isa asibiti na zaro wayar, matar da ke teburin karɓar kati ta duba saƙon, ta girgiza kai. Ta ce ba su suka aiko ba, kuma ba sa tambayar kowa kalmar sirri. Tun safe iyaye ke zuwa da irinsa. Ta nuna wani bawan Allah a kan benci, ya haɗa kai da gwiwa. Ya latsa, yanzu imel ɗinsa ya ƙi buɗe masa, duk sakamakon gwajin ɗansa na ciki. Ta buga lambar katinmu a kwamfuta, ta ce ranarmu na nan daram.

Baban Tsuntsuwa ya sosa ƙeya, ya ce in kawo ya goge saƙon. Na ce ba gogewa kawai ba. Na nemo wurin da ake kai ƙarar saƙon damfara, na ɗora wayar a tafin hannunsa.

"Nan za ka latsa, malam. Yi saurin da ka saba."