Kayan da ke Bayan Lasifika

A bayan motar Bobboi rediyon ya iso Nguru, tsakanin buhunan busasshen kifi da na barkonon Gashua. Akwati ne na katako mai sheƙi, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, sai da maza biyu suka kama kafin aka shigar da shi zauren Sabitu. Zinariya, matar Sabitu, tana tankaɗe a tsakar gida ta ji nishinsu, ta ce a ranta yau kuma tuwo zai huce kafin a tuna da shi.

Sabitu mai gyaran agogo ne a bakin tashar jirgi, amma zuciyarsa tana wajen duk wani abu mai fitar da murya. Da garmaho ya fara, ya koma wani ɗan rediyon batir mai kuka kamar an rufe sauro a gwangwani. Kullum bayan la'asar abokansa biyu sukan zo: Bobboi direba, Bafillace, da Modu, Babarbare mai gyaran wayar reluwe. Katanga ɗaya ce tsakanin zauren da madafi, don haka Zinariya ta san musunsu kaf, ko da yake ba ta taɓa sa baki ba.

Ɗansu na fari, wanda ake kira Ɗanladi, ya fara rarrafe, kuma duk abin da hannunsa ya kai baki yake nufa da shi. Uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane, uba ma haka, shi ya sa idan yaron ya rarrafa zaure Modu ne ke ɗora shi a cinya. Ranar ma can ya nufa. Ta bi bayansa da ido, ta ci gaba da aikinta.

"Bafillace, faɗi gaskiya," ta ji Modu yana cewa, "a gidan wa ka sato wannan?"

"Da sata ce ai da kai zan aika. Wani mai awon kifi ne a Gashua. Ko ciniki bai tsaya yi ba, abin da na taya ya ce na ɗauka. A ƙofar gida na same shi an rufe da tabarma, mai shi yana tsaye can nesa, ko hannu bai miƙo mini ba."

"Warin man shanun da kake yi ne ya kore shi."

"Ku yi shiru," in ji Sabitu. "Kwalaben sun fara ja."

Suka yi tsit. Ta san wannan shirun, na jiran kwalaben cikin rediyo su yi zafi ne. Can sai murya ta taso, ta wani mai karanta labarai daga Alƙahira, mai kauri, ta cika zauren ta zubo tsakar gida. Har a faifan da ke hannunta Zinariya ta ji ta. Kajin da ke tsattsagar dusa suka ɗaga kai.

"Kun ji ƙirji," Sabitu ya ce a hankali. "Wancan nawa da hanci yake magana."

"Girman lasifikar ne," in ji Bobboi.

"Ba girma kaɗai ba ne," in ji Modu. "Ku tsaya. Na ga manya da ke kuka kamar garwa. Miƙo abin kwance kusar nan na ga bayansa."

Ta ji ana kwance murfi, sai Modu ya yi dariyar wanda ya kama gaskiya.

"Ba na faɗa ba? Duba nan. Mai shi gwani ne. Ya cusa tsumma a bayan lasifika don katako ya daina rawa. Shi ya sa muryar ta zauna."

Bobboi ya ce, "Gwanin gobara dai. Tsumma kusa da kwalba mai zafi? A ciro."

"Kai da ka saba da kukan tsohuwar motarka, ina ka san daɗin murya? Bari na cire kaɗan ka ji bambanci."

Suka cire, suka saurara, suka mayar, suka sake cirewa. Bobboi ya rantse babu bambanci, Modu ya ce kunnen Bafillace kukan saniya kaɗai yake rarrabewa. Ana cikin haka yaron ya fara ƙananan koke-koke, Sabitu ya kawo shi bakin ƙofar cikin gida ya ajiye, ya koma da sauri.

Akwai wani abu a bakinsa. Zinariya ta durƙusa ta zare. Hular yara ce ƙarama, ɗinkin hannu, da 'yar laya a gefe, miyau ya jiƙa rabinta. Ba ta gidan ba ce. Ta juya cikinta. Yadin ya sandare, ga tabo-tabo ruwan ƙasa, ga waɗansu busassun ɓawo manne da siraran gashi. Ta kai hanci. Ƙamshin turaren wuta ne a sama, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari mai zaƙi-zaƙi.

Ta saɓi yaron ta nufi ɗakin Gogo, gwaggon Sabitu da ke zaune tare da su. Fuskar tsohuwar duk zanzana ce, ido ɗaya ya tafi tun tana yarinya, agana ce ta yi mata haka. Gogo ta karɓi hular ta kai ta ga idon mai gani, ta shinshina sau ɗaya, ta ajiye a ƙasa ta kife ƙwarya a kai.

"A bakinsa kika same ta?"

"A bakinsa, Gogo."

"An yi masa lamba?"

Zinariya ta girgiza kai. Lokacin da masu lamba, wato rigakafin agana, suka zaga unguwa tana da cikinsa. Ita tana da tabonta a dantse, Sabitu ma haka. Yaron kaɗai ne a gidan fatarsa take sumul.

"Wanke masa baki da hannu. Da sabulu, ko zai yi kuka."

Ta wanke, ya tsala ihu, ta sake wankewa. Daga zaure kiɗan Larabawa ya maye gurbin labarai, wani yana buga ƙafa. Ta goya yaron, ta ɗaure majanyi tamau, ta je ta tsaya a bakin ƙofar zauren, inda ba ta taɓa tsayawa ba in da baƙi.

"Malam, a kashe rediyon nan."

Sabitu ya waiwayo, kunya ta kama shi a gaban abokansa. "Lafiya? Ki koma, ina zuwa."

"Ba lafiya ba. A kashe, kuma kada wanda ya ƙara sa hannu a ciki."

"Uwargida, in ƙarar ce ta dame ki sai a rage," in ji Modu yana murmushi.

Gogo ta ratsa ta gefenta ta shiga ba sallama. Ta ture hannun Modu, ta durƙusa a bayan akwatin ta fara zaro kayan tana jerawa a ƙasa. Ba tsummoki ba ne. Riguna ne na yara, kowace an ninke ta da kyau, da ɗan zane, da majanyi. A can ƙarshe akwai ƙulli, da ta kwance sai ga munduwa ƙanana guda biyu, waɗanda ko yatsun babba uku ba za su shiga ba.

Sabitu ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin rediyon. Kiɗan ya mutu.

"Namijin da ke son toshe rawar katako ba ya ninke kaya," in ji Zinariya. Muryarta ta fito a daidai, abin ya ba ta mamaki. "Ba ya turara su. Mace ce ta ɓoye. Malam Bobboi, da ka je gidan, me ka gani?"

Bobboi ya sunkuyar da kai. Yana goga tafin hannunsa a gwiwa. "Akwai tarin toka a gefen ƙofa," ya ce. "Babba. Na ɗauka shara aka ƙona." Ya ɗago kai. "Ban ji motsin yara ba."

Kowa a zauren ya san abin da ake yi a gidan da agana ta shiga. Duba-gari, ma'aikacin tsabta, kan zo a fito da tabarmi da tufafin mamaci a cinna musu wuta. Wata uwa a Gashua ta ga ana tara kayan 'ya'yanta, ta nemi wurin da ba za a duba ba. Zinariya ta hango ta sarai, tana kwance murfin da bakin wuƙa kafin a shigo. Ta ji tausayinta, ta kuma ji kamar ta shaƙe ta.

"Bari mu yi a hankali," in ji Sabitu. "A ƙone kayan a bayan gida, mu shanya akwatin a rana. Ba sai kowa ya ji ba."

"Rana tana kashe abubuwa da yawa," Modu ya ce, amma bai kalli kowa ba.

"Yaron zan kai a yi masa lamba, yanzu, kafin a rufe ɗakin shan magani," in ji Zinariya.

"Za su tambaye ki dalili. In duba-gari ya ji, kin san sauran. A killace mu, a rufe mini shago, unguwa ta guje mu. Kuma wannan," ya ɗora hannu a kan akwatin ya yi saurin ɗaukewa, "wuta za su sa masa."

"In sun tambaya zan faɗa."

"Zinariya."

"Hular a bakinsa take, Malam. Ya tsotse ta." Ta juya don ya ga yaron a bayanta, ya yi barci da jan baki saboda sabulu. "Ka ba ni izini na fita. Ina roƙonka a gaban abokanka, ban taɓa yi ba."

Sabitu ya kalli ƙananan munduwan da ke ƙasa. Ya ce Bobboi ya tayar da mota.

A ɗakin shan magani ma'aikacin yana haɗa kayansa zai tashi. Da ya ji bayani bai ɓata lokaci ba, ya goge dantsen yaron ya tsaga shi da allura ya shafa ruwan lamba. Zinariya ta tambaye shi ko an tsira ke nan. Ya ce tunda yau abin ya faru akwai kyakkyawan zato, tsere ne tsakanin lambar da ciwon, wanda ya riga kamawa shi ke da jiki. Ya ce lambar ma tana kawo zazzaɓi, kada ta firgita. Abin da za ta sa wa ido shi ne ƙurji a fuska, ko cikin baki, ko tafin hannu.

Washegari duba-gari ya zo da mutanensa. Aka ƙone kayan yaran, aka ƙone akwatin da lasifikarsa a fili bayan gida. Modu ya yi ta magiya har aka bar musu ƙarfen ciki da kwalaben, bayan an wanke su da magani mai warin kwalta. Aka ce mutanen gidan su zauna a gida. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Sabitu ya ɗauki ƙarfen ya kife a kusurwar zaure, ba ya magana da yawa, amma kullum da safe yakan zo ya tsaya a ƙofar ɗaki har ta gama duba yaron.

Dubawar ta zama aikinta. Da gari ya waye takan fito da shi haske, ta tuɓe shi, ta bi goshi da bayan kunne, ta buɗe baki, ta ware yatsu. Wurin lambar ya yi ja, ya tashi, ya tara ruwa. Gogo ta ce ta kama, alama ce mai kyau. Sai zazzaɓi ya zo. Yaron ya ƙi nono, jikinsa kamar tukunyar da aka sauke, hammatarsa ta kumbura. Zinariya ta riƙa jiƙa zane tana lulluɓa masa, tana tambayar Gogo wanne ne daga cikin biyun. Gogo ta ce zazzaɓi ba ya faɗin sunansa, sai a jira fata ta yi magana.

Da yamma ta ga ɗigon. Ɗaya ne tak, ja, a goshi kusa da gashi. Ta taɓa, ta ji ɗan tudu. Unguwarsu kusa da fadama take, sauro ba ya ƙarewa, amma ta kasa tuna ko cizon sauro haka yake, ita da ta ga dubunsa. Ta duba ta sake dubawa har ta fara ganin yana girma a idonta. Ta san in ta ci gaba haka hankalinta zai gushe kafin gari ya waye. Ta ɗauko tandun kwalli, ta zana siririn zobe daidai bakin jan, ta ja masa zane, ta hana kanta ƙara kallo.

Da hantsi ta fito da shi. Jikin ya yi sanyi, gumi ya jiƙa wuyansa. Ta kasa ɗaga zanen da kanta, ta miƙa wa Gogo. Sabitu yana tsaye a inda ya saba.

Tsohuwar ta juya yaron wajen rana ta kawo idonta kusa. Zoben kwallin yana nan, jan da ke cikinsa ya koɗe ya koma tsakiya, babu wani a kusa da shi. Ta buɗe baki ta leƙa, ta duba tafin hannu da na ƙafa, ta bi baya da ciki. Sannan ta lashi babban yatsanta ta goge kwallin.

"Sauro ne," ta ce. "Tashi ki dama masa kunu, yunwa yake ji."

Zinariya ta ce to. Ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai ta fasa. Ta zauna a nan bakin ƙofa, ta ce a ba ta yaron tukuna.