Ƙayar Ƙurungu a Ƙafar Baba Dodo

"Ku ɗauke shi mu tahi mana!" in ji Habsatu, tana jan rigar majo, ma'aikacin jinyar da ya zo da ambilas. "Mutum na mutuwa kai kana tambayoyi?"

Majo Zakariya'u ko gezau. Ya durƙusa gaban tabarmar Baba Dodo, tsohon masuncin da katanga ɗaya ta raba gidansa da na Habsatu, ya taɓa wuyansa, ya ƙirga numfashinsa. Kwana uku ke nan ana ɗura wa tsohon maganin palu, wato zazzaɓin sauro, yau kuma ya daina gane mutane.

Majo ya ce, "Wanga ba palu ba ne, Inna. Yana da ciwo wani wuri? Miki ko ƙurji?"

Habsatu ta sani sarai. Ƙayar ƙurungu ce ta soke shi a tafin ƙafa, shi da ya shekara hamsin yana cika baki a bakin kogin Gaya cewa kifi bai isa ya taɓa jinin gidansu ba. Ya rufe wurin da safa, ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Amma da safen nan ta yi wani alkawarin a waya: ta ce wa ƴarsa Rahina, da ke aure a Malanbil, ƙetaren kogi, ta taho za ta iske ubanta da rai. Tun da aka rufe gada sai an jira kwalekwale.

"Baba, ka gafarce ni," ta ce, ta zare safar.

Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har ƙauri. Majo ya ce ciwon ya shiga jini, kuma motar ba za ta motsa ba sai magani ya riga ta. Nan cikin zaure ya nemi jijiya, sau biyu tana ɓace masa, a na uku ya samu. Ya yi allura, ya miƙa wa Habsatu ledar ƙarin ruwa ya ce ta ɗaga sama. Haka ta riƙe ta cikin mota har gidan likita, tana zagin taurin kan tsohon a zuci, tana kuma roƙa masa Allah.

Bayan la'asar ya buɗe ido. Ya dubi ƙafarsa a fili, ya dubi Habsatu.

"Kin tona ni, ƴar banza."

Daɗi ya kama ta har ta yi dariya da hawaye. Wanda ya iya zagi ai ya dawo.

Washegari da hantsi Rahina ta iso. Ya gane ta tun daga ƙofa, ya kira ta da sunan yarinta, ya sha kunu cokali huɗu daga hannunta, suka yafi juna. Ranar Alhamis ƙoda ta gaza, ya cika da kalmar shahada a bakinsa, kansa bisa cinyar ƴarsa.

Habsatu ta yi kuka, amma zuciyarta sakayau. Da masu gaisuwa suka ragu, Rahina ta kishingiɗa kusa da ita, barci ya sace ta. Habsatu ta jawo gefen mayafinta tana kore mata ƙuda.